Mintuna Biyar Kafin a Kai Asibiti

Kakuri ba ta rasa asibiti ba. Ga Asibitin Gwamna Awan, ga na St. Gerard, ga ƙananan ɗakunan shan magani a lunguna. Amma duk wanda ya taɓa ganin mutum ya yanke jiki ya faɗi a Kasuwar Monday ya san yadda abin ke gudana. Nan take jama'a su yi masa zobe su tare iska, wani ya kwarara masa ruwan leda, wani ya nemo albasa, wasu kuma su ɗaga waya suna ɗaukar hoto. Kafin a sami mai Keke Napep da zai yarda ya ɗauke shi, a kuma kutsa cunkoso, an ci minti 20.

Idan suma ce kawai, zai farfaɗo. Idan kuwa zuciyarsa ce ta tsaya, ƙwaƙwalwa takan fara lalacewa cikin minti 4 zuwa 6 saboda jini ya daina kai mata. A wannan ɗan tsakanin babu likita a kusa, sai mai tumatur da ɗan dako.

Masu sha'awar ƙwallo ba su manta da Samuel Okwaraji ba, wanda ya faɗi a filin wasa na Legas ranar 12 ga Agusta, 1989, ana karawa da Angola, ya rasu yana da shekara 25. A 2021 zuciyar Christian Eriksen na ƙasar Denmark ta tsaya a tsakiyar fili. Cikin mintunan farko aka dinga danna masa ƙirji, aka sa masa na'urar da ke girgiza zuciya da lantarki. Bayan wata takwas ya koma taka leda. Ajali na Allah ne, amma neman sababi aikinmu ne.

Wannan dabara da likitoci ke kira CPR ba ta buƙatar digiri. Ka dafa kafaɗar wanda ya faɗi, ka kira shi da ƙarfi. Idan bai amsa ba, kuma ba ya numfashi ko yana jan wani numfashi mai kama da kakari, ka nuna mutum ɗaya ya kira 112 ya kuma nemo mota. In ka ce “a kira” kawai, kowa zai jira wani. Ka kwantar da shi rigingine a ƙasa mai tauri, ka ɗora gindin tafin hannu a tsakiyar ƙirjinsa, ɗayan a kai, ka miƙe gwiwar hannu. Ka danna ya shiga santimita 5 zuwa 6, sau 100 zuwa 120 a minti. Wanda ya koya zai hura masa iska sau 2 bayan kowane danni 30. Wanda bai koya ba ya ci gaba da dannawa, in ya gaji ya ba wani. Haƙarƙari na iya tsagewa, amma ƙashi yana warkewa.

Akwai kuma abubuwan da muka gada waɗanda ya kamata mu bari. Ba a ɗura wa sumamme ruwa, domin huhu zai wuce. Ba a cusa wa mai farfaɗiya cokali a baki. Ƙuna ba ta son manja ko ƙwai ko man goge baki. Ruwa mai sanyi za a yi ta zuba mata na minti 20. Jini kuwa da tsumma mai tsabta ake danne shi.

Na san abin da ke riƙe hannun mutane: tsoron kada a wayi gari a ofishin 'yan sanda ana rubuta bayani. Tsoron yana da dalili. Sai dai Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar wanda ke buƙatar kulawar gaggawa, dokar 2017 kuma ta tilasta karɓar wanda aka harba ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba. Akwai kuma kunya: maza da yawa ba za su taɓa ƙirjin mace ba ko da tana bakin mutuwa. Wannan kaɗai ya isa dalilin a koyar da mata.

Masu koyarwa ma muna da su. Ƙungiyar Red Cross tana horarwa, 'yan agajin masallatai da matasan majami'u suna ko'ina a Kakuri da Makera da Nasarawa, sau da yawa ba a sa su komai sai tsaron ƙofa da shirya layi. Wuni ɗaya ya isa a koya wa shugabannin kasuwa da direbobi da malaman makaranta. Abin da ake buƙata aji ɗaya ne, da tabarma, da mutum-mutumin roba na gwaji.