Akun Abubakar Imam Ya Raba Kan Masu Karatu a Sabon Ibadan

Duk wanda ya san Sabon Ibadan ya san ba a rasa abin gardama a cikinta bayan sallar isha'i. In ba a yi ta kuɗin goro ba, a yi ta farashin shanu ko ta canji. Amma akwai wata gardama da ba ta shafi aljihun kowa ba, ga ta kuwa ta ƙi ƙarewa, watau gardama a kan littafin nan Magana Jari Ce na marigayi Alhaji Abubakar Imam.

Ga waɗanda aka haifa a Kurmi, ba su taɓa riƙe littafin ba, ga yadda yake. Littafi uku ne, aka buga su tsakanin 1937 da 1939. Labaru ne gajeru masu yawa, amma igiya ɗaya ta ɗaure su. A na farko Sarki Abdurrahman ya fita yaƙi, ya bar ɗansa Musa a gida, Waziri kuwa yana ƙulla makircin hallaka yaron. Sai wani aku ya riƙa ba Musa labari kowane dare don ya hana shi fita, har gari ya waye. A na biyu akun ya yi gasar ba da labari da wani aku, a na uku yana koya wa ɗansa Fasih sana'ar magana.

Dattawan unguwa da suka yi elementare a Arewa kafin su gangaro Kudu, su dai ba a taɓa musu littafin nan. A wurinsu shi ne ma'aunin Hausa. In yaro ya yi magana ta karkace, sai a ce bai karanta Imam ba. Da yawansu ba su iya kawo labarin Sarki da Waziri daki-daki, amma ka ambaci Kalala da Kalalatu, matar da ta cinye kajin baƙo sa'an nan ta sa mijinta ya bi shi da wuƙa a guje, nan take za ka ga an fara dariya tun ba a kai ƙarshe ba.

To, inda gizo ke saƙar shi ne, samari masu ilmin zamani sun zo da wani zance. Sun ce ai labarun ba na Imam ba ne, aro ya yi. Kuma gaskiya suka faɗa. A 1936 ne Dokta Rupert East na Hukumar Talifi ya ɗauko Imam daga makarantar Midil ta Katsina, inda yake koyarwa, ya kawo shi Zariya, ya tara masa littattafan tatsuniyoyin ƙasashe. Cikin wata shida ya gama aikin. Kalala da Kalalatu daga tatsuniyoyin Jamus ya fito, cikin waɗanda 'yan'uwan nan biyu Grimm suka tattara. Labarin Sarkin Busa shi ma ɗan Jamus ne, tushensa mai busar nan na garin Hamelin. Wasu daga Dare Dubu da Ɗaya suke. Kai, ko akun kansa baƙo ne, daga Indiya ya zo, inda a asalin labarin matar wani fatake yake tsarewa da hira don kada ta fita wurin wani namiji alhali mijinta ya yi tafiya.

Wannan zance bai yi wa dattawa daɗi ba, wasu ma sun ɗauke shi cin mutuncin mamaci. Amma a nan ba su da hujja, domin Imam bai taɓa ɓoye inda ya samo labarunsa ba. Samarin ma dai sun yi gaggawa. Wanda ya ɗauki matar fatake mai shirin cin amana ya mai da ita ɗan sarki mai ɗokin bin ubansa fagen fama, ya sa labarin a fada da dogarai da zagage, ya ɗora karin magana a kan labari bayan labari ya zauna daram, wannan ba kwafa ya yi ba. Shekara da shekaru Hausawa na karanta littafin ba wanda ya ji warin baƙunta a jikinsa, sai da masu bincike na jami'a irin su Farfesa Abdalla Uba Adamu na Kano suka bi sawun labarun.

Abin mamaki ma a ce a Sabo ake ƙyamar baƙo. Unguwar da aka kafa a 1916 don baƙi, wadda Baturen nan Abner Cohen ya zauna cikinta ya rubuta littafi a kanta a 1969, ya nuna yadda fatake ke sauka gidan maigida, a ba su masauki, a sayar musu da shanu, a saya musu goro. Mutanen da suka san wannan sun fi kowa sanin cewa baƙon da ya daɗe ya yi gida ya hayayyafa, ba a sake tambayarsa takardar hanya.

Akwai kuma malamai da ke ganin duk hululu ne, aku ba ya magana balle ya zama waziri. Waɗannan ba su da yawa yanzu. Mata kuwa, tun da littattafan soyayya na Kano suka bazu, irin In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, da yawa can suka koma, suna cewa matan cikin labarun aku wayo da makirci sun yi musu yawa. Wannan ƙorafi yana da ƙamshin gaskiya.

Wasu 'yan unguwa ba ta takarda suka san littafin ba, ta talabijin ne, lokacin da gidan NTA na Kaduna ya mai da shi wasan kwaikwayo a shekarun 1980, har marigayi Ƙasimu Yero ya fito a ciki.

Amma abin da ya fi damun iyaye ba asalin labarun ba ne. Yaron Sabo yana jin Hausa a gida, yana jin Yarbanci a Mokola da Dugbe, a makaranta kuwa Turanci da Yarbanci ake koya masa, da yamma ya tafi makarantar allo. Ba inda ake nuna masa yadda ake karanta Hausar boko, da ƙ da ɗ da ɓ. Don haka sai uba ya yi sallahu wurin mai tafiya Kano ko Zariya a sayo masa littafin, bugun kamfanin NNPC, ya tara yara a tsakar gida ya karanta musu da kansa. Labarin yakan kama su, ba su son a tsaya. Sai dai ba a cin shafi guda ba a tsaya ba, domin wani zai tambayi mene ne lifidi, wani ya tambayi sulke, wani barde. Yaran da ba su taɓa ganin hawan salla ba, uban yakan yi ta kwatance da hannu, in ya gaji ya ƙarasa musu bayanin da Yarbanci.