Jini bayan gashin kansa: wata biyu a ɗakin iska

Shekara biyu da gama wa uwargidana gashin kansar bakin mahaifa, ta fara ganin jini a fitsari. Wata uku tana ɓoye mini, a zatonta cutar ce ta dawo, kuma ba ta so in sake rufe shagona na Kumasi mu shiga yawon asibiti. Ranar da ta faɗa, cewa ta yi, "Alhaji, ka yafe mini, ina jin tafiya ce ta zo."

Likita ya leƙa mafitsara da na'ura, ya ce alhamdu lillahi ba kansa ba ce. Hasken da ya ƙona cutar ne ya taɓa ƙananan jijiyoyin jini na mafitsara, suka tsuke, naman wurin ya rasa iskar oksijin, sai ya riƙa tsagewa. Yakan faru ga hanji da gaban mace ma, wani lokaci bayan shekaru.

Da magunguna suka gaza, aka tura mu Alƙahira. Can akwai ɗakin ƙarfe kamar tankar mai. Ana rufe mutum, a matsa iskar ciki ta ninka ta waje sau 2 ko fiye kaɗan, ya shaƙi oksijin zalla na kusan minti 90. Matsin ke tura oksijin cikin jini ya kai inda ya yi ƙaranci, a hankali sabbin jijiyoyi su tsiro. Kwana 5 a mako, zama 40. Ɗan kasuwa ya lissafa haya, abinci, da shago a hannun yara.

Ba a shiga da waya, man shafawa ko turare, saboda gobara. Hajiya da turare kuwa, sai da aka yi daru! Kunnenta ya riƙa toshewa kamar a jirgin sama, ganinta ya ɗan dushe, daga baya ya dawo.

Kada wani ya ce muku sha-yanzu-magani-yanzu ne. Binciken da aka buga a 2019 daga ƙasashen arewacin Turai ya nuna sauƙi ga masu matsalar mafitsara, amma na Ingila na 2016 bai ga amfaninsa ga ciwon hanji ba.

Ita dai jinin ya tsaya wajen zama na 30. Har yanzu takan tashi fitsari sau biyu cikin dare, kuma duk wata shida muna komawa a duba ta.