Muryar da ke makara

Zabiyar ta shekara ashirin tana waƙar biki, muryarta kuma ba ta dishe ba. Sai dai idan za ta ɗauki baiti da siririyar murya can sama, iska ce ke riga fita, sautin ya biyo baya da kamar ƙiftawar ido. Mai kalangu ne ya fara lura, don shi ke jiran shigowarta a kan kiɗa. 'Yan amshi suka ce sammu ne. Ta sha zuma da citta da kanumfari har ta gaji.

Likitan kunne da hanci da maƙogwaro ya sa ta rera da ƙarfi, murya ta fito tsaf. Ya ce, "Hajiya, yanzu a hankali, can sama." Sai iska. Nan ya kama bakin zaren: numfashi mai ƙarfi yana tilasta wa tantanin murya biyu su kaɗa ko da ba su da lafiya, amma siririn sauti ba ya rufa musu asiri.

Ya leƙa da kyamara, bai ga abin a-zo-a-gani ba. Tun 1854 Manuwel Garsiya, malamin waƙa ɗan Sifaniya, ya ga nasa tantanin da madubin likitan haƙori da hasken rana, amma ido ba ya kama kaɗawarsu. Na mace na kaɗawa wajen sau 200 a daƙiƙa a magana kawai.

Sai ya manna mata makirufo a wuya, ya kunna fitila mai walƙiya da ke bin sautinta. Kowace walƙiya tana kama kaɗawar a ɗan gaba da wadda ta wuce, sai motsin ya bayyana a hankali, kamar iska na kaɗa ruwan tafki. A tsakiyar tantanin, inda suka fi bugun juna, motsin ya yi tuntuɓe. Wasu 'yan kumburi biyu ne ke fuskantar juna, irin kantar hannun manomi. Su ke fara haɗuwa, su bar kafa gaba da baya, iska ta zurare kafin kaɗawa ta kankama.

Mafarin ya fito a hira: dare bayan dare tana ɗaga murya sama da ganguna da ƙarar janareta, ba ta jin kanta, ga bushewar hunturu.

Ba a yi mata tiyata ba. An ba ta hutun murya, da yawan shan ruwa, da horon numfashi, a wurin biki kuma aka juyo da lasifika ɗaya tana fuskantarta don ta riƙa jin kanta. Yanzu kowace safiya takan gwada siririn sautin nan. Ranar da ya makara, ba ta karɓar gayyata.