Malamai a Kan Gadon Sarauta

A tarihin duniya an sha samun shugaban addini yana riƙe da ragamar mulki. A Turai, Fafaroma ya mallaki ƙasa a tsakiyar Italiya daga shekarar 756 zuwa 1870, bishop-bishop na Mainz da Cologne da Trier kuma suna da ƙasa da dakaru, suna cikin masu zaɓen sarkin daular Jamus. A 1803 aka ƙwace yawancin ƙasashen irin waɗannan bishop-bishop. Shekara guda bayan haka, a Gudu, jama'a suka yi wa Shehu Usmanu Ɗanfodiyo mubaya'a a matsayin Amirul Muminina.

Shehu bai zauna kan harkar mulki ba. A 1812 ya danƙa yammacin daularsa a hannun ƙanensa Abdullahi, gabashinta a hannun ɗansa Muhammadu Bello, ya koma ga karantarwa har ya rasu a 1817. Sai dai tsarin ya riga ya kafu: wanda ke jan salla shi ke naɗa alƙali, shi ke tara zakka, shi ke jagorantar yaƙi.

A Kano, bayan mabiyan Shehu sun ci Sarki Alwali da yaƙi a Ɗan Yaya a 1807, ya ƙare a Burumburum, kudu da birni, Malam Sulaimanu, wanda limami ne, ya zama sarki. Malam Ibrahim Dabo na Sulluɓawa ya gaje shi a 1819. Shi ya dawo da sarautun da aka gada daga sarakunan Haɓe, irin su Galadima da Madaki, domin ilimi kaɗai bai isa ya riƙe ƙasa ba.

Manomin Kura ko Bunkure ya san wannan iko ne ta hanyar gonarsa. A wancan zamani, ƙasa amana ce a hannun sarki, dagaci da mai unguwa ke raba ta, zakkar hatsi na bin wannan hanya zuwa sama, rikicin gado ko na iyaka kuma ya tafi gaban alƙali, daga nan kotun sarki.

Ikon ya zube ne sannu a hankali. Turawa sun ci Kano da Sakkwato a 1903, suka maida sarki ƙarƙashin razdan. Gwamnatin soja ta soke kotunan sarakuna a ƙarshen shekarun 1960, gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya karɓe gudanarwa, dokar filaye ta 1978 ta miƙa ƙasa ga gwamna. Da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ma'aikatan gwamnati ne suka auna gonakin noman rani na Kadawa suka sake rabawa. Abin da ya rage wa sarki shi ne naɗa limamai da hakimai, sulhu tsakanin jama'a, da isar da sanarwar ganin wata daga Sarkin Musulmi.