Kafin a saya wa Baba injin ciyawa mai batir: abin da mai ciwon baya yake buƙata a lambu

Da zarar damina ta sauka, TikTok da Facebook kan cika da bidiyon ƙananan injinan yanke ciyawa masu batir. Mutum ya riƙe sanda mai kai yana juyawa, kafin minti ɗaya ya share wuri fes. Duk matashin da mahaifinsa ke da lambun albasa ko tumatir, kuma yana ganin yadda tsohon ke dafe ƙugu kafin ya iya miƙewa, zai ji kamar ya tura kuɗi a kawo yanzu. Sai dai abin da ke karya bayan mai lambu sunkuyo ne, kuma maganin sunkuyo yana jikin ƙota kafin a zo maganar batir.

An taɓa auna wannan. A wani bincike da aka wallafa a 1999, wasu masu bincike a Jamus, ƙarƙashin Hans-Joachim Wilke, sun saka na'urar auna matsi a cikin faifan da ke tsakanin ƙasusuwan gadon bayan wani mutum. Yana tsaye, matsin ya kai megafaskal 0.5. Da ya sunkuya gaba sai ya haura zuwa 1.1. Da ya ɗaga kilo 20 bayansa a lanƙwashe, ya kai 2.3. Mutum ɗaya ne aka auna, don haka ba a ɗaukar lambobin kamar doka, amma sun nuna cewa sunkuyo kaɗai, ko ba a ɗauki komai ba, yana ninka nauyin da ke kan ƙugu. Mai noma da gajeriyar fartanya kuwa a haka yake wuni.

Jihar Kalifoniya ta Amurka ta haramta sa leburorin gona aiki da fartanya mai gajeriyar ƙota tun 1975, bayan shari'ar da ta kai har kotun ƙolin jihar. Ma'aikatan, waɗanda yawancinsu 'yan asalin Meziko ne, suna ce mata el cortito, wato 'yar gajeriya. Masu gonaki suna sonta ne har da wani dalili: duk wanda aka hango a tsaye an san ya daina aiki. Bayan haramcin an koma doguwar ƙota, latas da seleri kuma ba su daina fita ba.

Ba sai an je Amurka neman misali ba. A jigayin Nijar da wasu sassan arewacin Najeriya masu yashi, manoma sun daɗe suna noma a tsaye da doguwar hauya, wadda wasu ke kira ashasha. Ƙotarta kan kai mita biyu, ruwanta a baje yake kamar fukafukan tsuntsu, ana tura ta gaba tana yanke saiwar ciyawa ƙarƙashin ƙasa kaɗan. Ba a ɗaga ta, ba a sara. Matsalarta ita ce ƙasa mai laka: a fadama turawa take gagara, kuma ba ta tayar da kunya.

Ga lambu, wadda ta fi dacewa ita ce doguwar fartanya mai likkafa. Ruwanta siririn ƙarfe ne da aka lanƙwasa kamar likkafar doki, an wasa shi gaba da baya, kuma an bar shi yana ɗan motsi a mahaɗarsa. In an tura ya yanka, in an jawo ya yanka. Ba ta kwasar ƙasa, saboda haka hannu ba ya ɗaukar nauyi. Maƙerin da ya ga hotonta a waya zai iya ƙera ta.

Wurin da ake yin kuskure shi ne a cire gajeriyar ƙota a sa doguwa a jikin ruwan fartanyar da aka saba. Wannan ruwan an karkato shi ne don mai sunkuyo. A doguwar ƙota bakinsa ba zai kwanta daidai a ƙasa ba, mutum ya sake duƙawa don ya daidaita shi, an koma gidan jiya. Dole a gyara karkatar ruwan yadda zai kwanta a ƙasa alhali mai riƙe da shi yana tsaye sosai.

Tsawon ƙota kuma da jikin mai aikin ake auna shi. In an tsayar da fartanyar a gabansa, kan ƙotar ya kai tsakanin kafaɗa da haɓa. A nan waya ke da amfani: a jingina ta a gefe, a ɗauki bidiyon minti ɗaya yana aiki, sannan a tsayar da hoton a duba. In kansa ya wuce tafin ƙafarsa sosai, ko bayansa ya yi baka, ƙotar ta gajarta ko karkatar ruwan ba ta yi ba. Wannan gwajin ya fi tambayarsa, don dattijo ba kasafai zai ce abin da ɗansa ya kashe kuɗi a kai bai yi ba.

Akwai kuma maciran ciyawa na tsaye irin na kamfanin Fiskars, masu farata a ƙasa da wurin takawa. Suna aiki, amma an yi su ne don ciyawa mai saiwa ɗaya doguwa da ke fitowa jefi-jefi a filayen gidajen Turai. Ƙiri-ƙiri da aya-aya a ƙarƙashin ƙasa suke yaɗuwa, cirewa ɗaya bayan ɗaya ba za ta kai ko'ina ba.

Shi injin mai batir aski yake yi. Yana yanke ganye ya bar saiwa, bayan kwanaki ciyawar ta dawo, kuma bai san albasa da ciyawa ba. Wurinsa gefen lambu, bakin shinge da hanyar ruwa. Nauyinsa a can gaba yake, kuma aikin na juya ƙugu hagu da dama ne, abin da mai ciwon baya ba ya so, don haka wanda ba shi da igiyar ratayawa a kafaɗa a bar shi a shago. Mai fetur ya fi shi nauyi da jijjiga. Batun batir kuma lissafi ne mai sauƙi: a ninka V da Ah. Batirin da aka rubuta wa 20V a wurin aiki 18V ne, in yana da 2Ah ya zama 36Wh. Injin da ke jan wat 150 zai shanye shi kafin minti 15. Manyan lambobin da ake mannawa a jikin marasa suna, irin su 48V a batirin da bai fi tafin hannu ba, a yi musu kallon ado.

Har mutum-mutumin cire ciyawa an yi. Tertill, wanda Joe Jones, ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙirƙiro Roomba, ya fito da shi a Kickstarter a 2017, yana aiki da hasken rana, kuma da tsayi yake rarrabewa: duk tsiron da ya iya bi ta kansa ciyawa ne a wurinsa. Yana son shimfiɗaɗɗen wuri mai shinge. Lambun da aka yanka fangali-fangali ana sakin ruwa ba nasa ba ne.

Doguwar fartanya tana da sharaɗi: ƙaramar ciyawa take yanka. Sai a riƙa bi duk mako tun tana tsiro, a kuma shuka a layi da tazarar da ruwan zai shige. Tsakanin tushen albasa har yanzu sai hannu, kuma a nan zama a kan 'yar kujera ko durƙuso a kan buhun da aka ninka ya fi duƙawa daga tsaye.

In ciwon yana sauka cikin ƙafa, ko ƙafar na yin sanyi da rauni, asibiti za a fara zuwa kafin maƙera. In har fitsari ko bayan gida ya fara kuɓuce wa mutum, a ranar za a kai shi.