Sabuwar Wuta a Tsohuwar Bashe

Duk motar da ta taso daga Maradi za ta Katsina sai ta rage gudu a Ɗan Issa, a bakin iyakar Nijar da Najeriya. Nan duwan, wato kwastan, take, nan ake duba takardu, daga nan kuma sai Magama ta Jibiya. Manyan motocin da ke jere a gefen kwalta su ke cika ido, amma ba su ke ɗauke da hidimar garin ta yau da gobe ba. Wannan aikin ƙananan a-kori-kura ne, waɗanda mutanen nan ke kira bashe: tsofaffin Peugeot 504, da Hilux na zamanin da ba a sa kwamfuta a mota. Su ke kutsawa ƙauyukan ƙasar Madarunfa da kwalta ba ta kai ba, su kwaso gero da wake da aya, su koma da siminti da fasinja a saman kaya. Ranakun Litinin da Juma'a, da kasuwar Maradi ke ci, tun da asuba za ka ji ana "a tura, a tura!"

Yawan Peugeot a wannan yanki yana da dalili. Tun 1975 kamfanin PAN ya fara harhaɗa ta a Kaduna, ya kuma ci gaba da fitar da 504 har tsakiyar shekarun 2000, bayan an daɗe da daina ƙera ta a Faransa. Saboda haka kayanta sun yalwata a arewacin Najeriya, masu gyaranta sun fi kayan yawa, kuma Ɗan Issa a bakin ƙofar wannan arziki yake.

Garejin da ake kai su ba wani gini ba ne. Inuwar dogon yaro ce da rumfar kwano, da ƙasar da baƙin mai ya rina, da akwatin ƙarfe mai kwaɗo inda maigida ke kulle sifana. Akwai tsohon kwanon sha da ake zuba fetur a ciki don wanke ƙananan kaya. Yaran gareji, wasu ba su wuce shekara goma sha biyu ba, da wannan kwanon suke fara koyon sana'a.

Direba in ya shigo, kusan kullum ƙorafinsa ɗaya ne: "Maigida, tana shan mai, ba ta ja, da safe sai an tura. A sauya mini kafireta." Makaniken kirki ba ya musu, ba ya kuma ɗauko sifana. Sai ya sa a tada ta, ya karkata kai ya saurara. Daga nan ya zare buji, wato fulogi, ya duba bakinsa a hasken rana. In ya yi baƙi ƙirin da kunkunniya, ko dai mai ya yi yawa, ko wutar ba ta isa ta ƙone shi ba. In ya yi fari fat, injin yunwar mai yake ji. Wanda ake so shi ne mai launin ƙasa-ƙasa. Sai ya cire babbar wayar da ta fito daga bobin, wato kwayil, ya kusanta ta da jikin injin, yaro ya buga makulli. Tartsatsi shuɗi mai ƙara "tas, tas" lafiya ce. Ja mai sanyin jiki kuwa ya nuna inda cutar take.

A nan nake ganin an fi zaluntar kafireta. Ita ake gani a saman injin, ita ke warin mai, don haka ita ake ɗora wa laifi. Alhali sau da yawa ɓarnar tana cikin delko, gwangwanin nan da ke raba wa silinda huɗu wuta bi da bi, 1, 3, 4, 2. A cikinsa akwai 'yan ƙarafa biyu da ke buɗewa suna rufewa, nan ana ce musu bis, a tsallaken iyaka kuma kwantak. Duk lokacin da suka rabu, bobin ke mai da bolt 12 na batir ya zama dubbai, ya aika wa buji. Ratar da ke tsakaninsu ba ta kai rabin milimita ba, kusan 0.4 ce. Ƙurar hunturu na shiga ta cinye ɗan diddigen da ke goga da sandar delko, ratar ta tsuke, wuta ta riƙa zuwa a makare. Mota sai ta yi nauyi, ta yi zafi, ta sha mai. Ga kuma kondansa, ɗan mitsitsin abu, wanda in ya mutu bis ɗin ke ƙonewa cikin 'yan kwanaki. 

Shi ya sa sauyin da ya fi karɓuwa shi ne a cire bis gaba ɗaya. Ko dai a samo delko mai lantarki na gwanjo da ya dace da injin, ko a dasa 'yar na'urar maganaɗisu a cikin tsohon. Babu abin da ke gogar wani, don haka babu abin da zai ci, wuta kuma tana zuwa a kan lokaci ko da sanyin asuba. Aikin yana son natsuwa. Dole bobin ya dace da sabon tsarin, in ba haka ba ɗayansu zai ƙone ɗaya. Waya biyu in aka juya su, na'urar ta tafi nan take. Sannan a sake saita lokacin wuta, a riƙa murɗa delko kaɗan kaɗan har injin ya daidaita, a ɗaure.

Tsofaffin direbobi suna da hujjarsu ta ɗari-ɗari da wannan sauyi, kuma hujja ce mai ƙarfi. Bis yana ba da sanarwa kafin ya mutu, kuma in ya tsaya maka a daji, da 'yar takardar yashi da sukurdireba za ka lallaɓa shi ka iso gida. Na'urar lantarki kuwa lafiya lau take har zuwa sa'ar da za ta ɗauke ɗif. A hanyoyin da ke kusa da iyaka, inda matsalar 'yan bindiga ta sa ba wanda ke son dare ya riske shi, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Direba mai hankali yakan karɓi sabon, ya naɗe tsohon delkonsa a tsumma ya tura ƙarƙashin kujera. Ina ganin ya yi daidai.

Kafireta kuma nata labarin daban ne, domin abincinta ne ke cutar da ita. Man da ake sha a nan galibi na kwalba da jarka ne, wanda ake kira ruwa-ruwa. Ya bi ta duro, ya bi ta mazurari, ya kwaso tsatsa da yashi, wani lokaci har da ruwa. Kafireta aikinta ta gauraya kusan kashi 15 na iska da kashi 1 na mai bisa nauyi, ta 'yan ramukan tagulla masu kama da kafar allura. Ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta toshe su. Amma abin da ya sa take da daraja shi ne tana yafiya: a kwance ta, a wanke, a hura, a duba ɗan bulan da ke tare mai in ya cika, a mayar, ta ci gaba. Abin da ke kashe ta shi ne hannun gaggawa. Yaro ya zaro silin waya ya soka a ramin don ya buɗe shi, ramin ya faɗaɗa, daga ranar motar ta zama mashayiya, kuma ba wankin da zai dawo da ita.

Akwai lokacin da sauyin ya zama dole, musamman in sandar maƙogwaronta ta ci har iska na satar hanya ta gefe, injin ya ƙi zama a silo. A nan asalin Solex ta gwanjo mai lafiya ta fi sabuwa mai sheƙi da ba a san inda aka ƙera ta ba. Sai dai tun da Najeriya ta janye tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023, kowane direba ya koma ƙirga lita, wasu kuma suka shiga neman a ɗora musu kafiretar ƙaramar mota a kan farantin da mai walda ya yanka. A kan kwalta, ba kaya, za a ga sauƙi. Amma bashe ba don yawo aka yi ta ba. In aka lafta mata buhuna ta shiga rairayi a zafin Afrilu da ƙarancin mai, injin na ƙuna daga ciki, bawul ya ƙone. Abin da aka tara a kuɗin mai na wata da watanni sai ya tafi a buɗe kan injin sau ɗaya. Makaniken da ya faɗa wa direba haka, ko da zai rasa aikin, shi ne na riƙewa.

Kayan gyaran mafi yawa daga kudu suke zuwa, daga Katsina ko kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano, ana ciniki da naira ana lissafi da sefa. Shi ya sa rufe iyaka ke taɓa gareji kai tsaye. An rufe ta a Agustan 2019, ba a buɗe ta Jibiya ba sai Afrilun 2022. Aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024. A irin waɗannan watanni ne ake gane gwani, domin shi ke haɗa delko ɗaya mai aiki daga matattu uku.

In an gama, ba a karɓar aiki a cikin rumfa. Maigida kan ce, "Alhaji, je ka ɗauko lodinka tukuna." Sai an ɗora kaya, an sauka daga kwalta an hau hanyar yashi a giya ta biyu, an ji ba ta ƙwanƙwasa, ba ta tari, allurar zafi kuma ba ta haura ba, sannan a dawo a zauna a yi maganar kuɗi.