Ƙarfen da ke daskarewa kamar gilashi

Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin masu zubin tukwane a kasuwa ya ga yadda narkakken ƙarfe ke gudu kamar ruwa, in ya huce ya sandare. To me ke faruwa a cikinsa?

Ƙarfe tarin ƙananan ƙwayoyi ne da ido ba ya gani, waɗanda masana ke kira ƙwayoyin zarra. In ya narke, sai su yi ta yawo barkatai. In yana hucewa a hankali, kowace ta samu wurinta, su jeru sahu-sahu kamar masallata. Haka kusan duk ƙarfen da muke amfani da shi yake.

Amma jeruwa na son lokaci. In an sanyaya shi farat ɗaya, ƙwayoyin kan tsaya cak inda sanyin ya same su, babu sahu. Haka cikin gilashin kwalba yake, shi ya sa ake ce masa ƙarfen gilashi, ko da yake ba a hangen komai ta cikinsa.

A 1960 ne Pol Duwez da abokan aikinsa na jami'ar Caltech a Amurka suka fara yin sa, da haɗin zinariya da silikon. Sai da suka sanyaya shi da saurin kusan digiri miliyan 1 a sakan guda, shi ma ɗan falle siriri suka samu. Wajen 1990, masu bincike a Japan da Amurka suka gano cewa in an gauraya ƙarafa uku zuwa biyar masu ƙwayoyi manya da ƙanana, jeruwar na yi masu wuya. Ta haka aka samu mai kauri ba tare da wannan gaggawar ba.

Ina amfaninsa? Yana da ƙarfi ƙwarai, yana jure tsatsa. Ana zuba shi kan gargaren jan ƙarfe mai juyawa da sauri, ya fito zirin da bai kai kaurin gashin kai ba, a naɗa shi cikin taransifoma. Wutar da cikin taransifoma ke ɓatawa ta hanyar zafi kan ragu da kusan kashi 70 cikin 100. Ga ƙasashen da wuta ba ta wadata ba, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Aibinsa shi ne, in nauyi ya fi ƙarfinsa, bai cika lanƙwasa ba: karyewa yake yi nan take.